Ɗan haya ya riƙe kuɗin shekara biyu, yanzu ya ce ba haya yake ba: ta ina magada za su fara?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu shekara 2 da suka wuce, ya bar gida mai ɗaki uku da falo a Kubwa, Abuja. Akwai mutumin da ya shekara 9 a ciki yana biyan naira 600,000 duk shekara. Tun ranar rasuwar bai sake ba da ko sisi ba. Da muka matsa masa sai ya ce marigayi ya ce ya zauna kyauta saboda shi ya haƙa rijiyar burtsatse ya kuma ɗaga katanga, kuma ba da mu ya yi magana ba. Babu takardar haya. Ƙannena sun ce mu cire ƙofofi mu yanke wuta, ko mu kai shi wurin 'yan sanda. A cikin magada akwai yara ƙanana. Me doka ta ce?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. Malam, kafin komai ka tara ƙannenka yau ɗin nan ka hana su taɓa ƙofar nan. Kada a cire ƙofa, kada a yaye kwano, kada a yanke wuta ko ruwa, kada a sa kwaɗo, kada a turo samarin unguwa su watso masa kaya. A yanzu ku kuke bin mutumin nan naira miliyan 1 da dubu 200. Ranar da kuka ɗora hannu a kan ƙofarsa, shi zai fara bin ku.

Na san wannan yana da ɗaci. Gidan ubanku ne, shi ya gina da guminsa, ga wani ya zauna a ciki yana faɗa muku maganar da ya ga dama. Amma doka ba ta duba wane ne mai gida kaɗai, tana duba wane ne yake zaune a ciki kuma ta yaya ya shiga. Wanda ya shiga gida da yardar mai shi, ko wa'adinsa ya ƙare, ko bashi ya kai masa wuya, kotu ce kaɗai take fitar da shi. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Ihenacho da Uzochukwu a 1997: mai gidan da ya ɗauki doka a hannunsa ya kori ɗan haya ya yi kutse, kuma zai biya diyya. Ko gwamnati ba ta tsira ba. Lokacin da gwamnatin soja ta Legas ta tura jami'ai da makamai suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga gida mai lamba 29 a titin Queen's Drive na Ikoyi, alhali magana tana gaban alƙali, Kotun Ƙoli a 1986 ta ƙi sauraren roƙon gwamnatin, domin ta ƙi bin umarnin da kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta na mayar da shi gidan. Idan mai bindiga bai samu wannan izini ba, ina ga ni da kai.

Na taɓa riƙe shari'ar wani dattijo da ya gaji da jira, ya kira kafinta da hantsi ya cire shafi huɗu na kwano a kan ɗakin da ɗan hayarsa yake ajiye kaya. Watan Agusta ne. Kafin la'asar hadari ya haɗu. Katifa, buhun masara, keken ɗinkin matar mutumin, takardun makarantar yara, duk suka sha ruwa. Ɗan hayar bai yi masa ko musu ba, waya kawai ya ɗauko ya ɗauki hotuna, washegari ya nufi wurin lauya. Da aka zauna sulhu, bashin shekara ɗaya da rabi ya tafi a diyya, dattijon ya mayar da kwanonsa da kuɗin aljihunsa, kuma mutumin ya ƙara wata huɗu a gidan. Garin neman gira aka rasa ido. Ban da diyya ma, irin wannan aiki yana iya faɗawa cikin laifin ɓarna, kutse ko tsoratarwa a kundin dokokin laifuka na Penal Code da ake aiki da shi a Abuja da jihohin Arewa. A Legas dokar haya ta 2011 ta yanka masa hukunci nasa na kansa: tara har naira 250,000 ko ɗaurin wata 6.

Maganar 'yan sanda gajeriya ce. Bashin haya ba laifi ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Za ka iya samun wanda zai karɓi kuɗin mai ya je ya ɗauko maka shi, ba na musun wannan. Amma in ya kwana a sel, lauyansa zai shigar da ƙarar tauye haƙƙi, kuma sunanka zai zo tare da na 'yan sandan a cikin waɗanda ake ƙara.

Yanzu ga inda shari'arku take da gaske. Kai kana tambayar yadda za a fitar da ɗan haya, shi kuwa ya riga ka tsallakawa gaba: cewa yake ni ba ɗan haya ba ne, ku kuma ba masu gidana ba ne. Don haka abu biyu za ku tabbatar wa alƙali kafin a zo maganar notis. Na farko, cewa haya ce ta shigar da shi gidan. Na biyu, cewa ku kuke da ikon tsayawa a madadin marigayi.

Rashin takarda bai kashe ku ba. Hayar shekara-shekara da aka ƙulla da baki haya ce, kuma dokar Abuja ta ce idan babu wata hujja daban, ana gane irin hayar ne daga lokacin da ake biya ko ake neman kuɗin. Mutumin da ya shekara 7 yana biya sau ɗaya a shekara ya bar sawu, ko ya so ko bai so ba. Ku buɗe akwatin marigayi da jakar takardunsa ku nemi kwafin rasit. Ku duba wayarsa, in tana nan, ku ga alat na banki da saƙonnin da suka yi da mutumin. Sau da yawa a nan ake samun "Alhaji a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata", wanda ya fi shaidu uku amfani. Ku nemi bayanin asusunsa daga banki na shekarun nan, za ku ga adadi ɗaya yana shigowa daga suna ɗaya a wata ɗaya duk shekara. Ku nemo dillalin da ya kawo shi, ko wanda ya taɓa karɓar kuɗin ya kai wa Baba. Kada kowa ya goge komai a wayar nan, kada a ba yaro ya yi ta wasa da ita, domin saƙon waya da bayanin kwamfuta suna da sharuɗɗan karɓa a sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, kuma lauya zai so ganin ainihin na'urar. Ita wannan dokar, a sashe na 170, ta hana ɗan haya musun cewa wanda ya ba shi haya yana da iko da gidan a lokacin da ya shiga. Da zarar an tabbatar da biya ɗaya na haya, bakinsa ya rufu ta wannan gefen.

Sai maganarsa cewa marigayi ya ce ya zauna kyauta. Lura da kyau, Malam: cikin wannan magana ya amsa cewa gidan na mahaifinku ne, ya amsa cewa da yana biya. Abin da ya rage shi ne da'awar cewa an yafe masa, kuma wanda ya yi da'awa shi yake kawo hujja. A shari'ar Musulunci ma haka take, hujja tana kan mai da'awa. A mazhabar Malikiyya an ƙara tsanantawa idan da'awar a kan mamaci ce: bayan shaidu sai ya yi rantsuwar da malamai suke kira yaminul ƙada'i, saboda wanda zai ƙaryata shi ba ya nan. Sannan a tambaye shi: yaushe aka yi maganar, a gaban wa, kyautar ta shekara nawa ce? In ya ce bayan rasuwa marigayi ya ce ta fara, to wasiyya ce, wasiyya kuwa ba ta wuce sulusin dukiya. In ya ce tun yana raye ta fara, to me ya sa ya ci gaba da biya har shekarar rasuwar? A wannan tambayar irin wannan labari ya fi karyewa.

Amma kada ku raina maganar rijiya da katanga. Mai yiwuwa da gaske ya kashe kuɗi, kuma mai yiwuwa Baba ya ce masa "ka yi, za mu daidaita". Dattawa suna yin haka. Doka tana ba ɗan haya diyyar gyaran da ya yi idan mai gida ya yarje masa a rubuce kafin ya fara, shi kuwa da alama ba shi da rubutu. Duk da haka, rijiyar tana nan, ku za ku ci amfaninta, kuma alƙali mutum ne. Ni a matsayinku zan ce ya kawo rasitin mai haƙa rijiya da na bulo da siminti, a kira magini ya kimanta. Abin da ya tabbata a cire daga bashin. Gyara yana rage bashi gwargwadon kuɗinsa, ba ya zama lasisin zama har abada.

"Ba da ku na yi magana ba" kuwa rabinsa gaskiya ne. Haya ba ta mutuwa da mutuwar mai gida. Tana komawa hannun waɗanda suka gaje shi, da ribarta da nauyinta. Ko a littattafan fiƙihun Malikiyya mutuwar ɗaya daga cikin masu ƙulla haya ba ta warware ta. Inda yake da gaskiya shi ne yana da haƙƙin sanin wa zai biya. Ɗan haya mai hankali yana tsoron ya ba babban ɗa kuɗi, gobe ɗan wani ɗakin ya zo ya ce ba shi ne mai karɓa ba. Kotu ma za ta tambaye ka da wane matsayi ka zo. Saboda haka ku fara gyara gidanku. In an raba gado a kotu, ku karɓi kwafin hukuncin da ya nuna wa gidan ya faɗa wa. In ba a raba ba, ku nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Abuja. Sannan ku rubuta masa wasiƙa ɗaya, da sa hannun wanda aka naɗa, ku sanar da shi rasuwar a hukumance, ku ba shi lambar asusu, ku faɗi adadin bashin shekara da shekara. Na ga ƙararraki masu ƙarfi sun zube ba don ɗan haya yana da gaskiya ba, sai don wanda ya shigar da su ya kasa nuna wa ya ba shi iko.

Bayan wannan sai notis. Gidanku a Kubwa yake, dokar da ta shafe ku ita ce Recovery of Premises Act ta Babban Birnin Tarayya. Na ambaci haka ne saboda kowace jiha da tata dokar. Wanda gidansa yake Mararaba yana ƙarƙashin Nasarawa, na Suleja ko Madalla yana ƙarƙashin Neja, ko da a Abuja yake aiki kullum. A Abuja, idan babu yarjejeniyar da ta faɗi wani wa'adi daban, mai biyan mako-mako notis ɗin mako ɗaya ne, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara kuma wata 6.

Tarkon yana cikin lissafin wata shidan. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce notis ɗin mai hayar shekara ya ƙare daidai da ƙarewar shekarar hayarsa. A ce ya shiga ranar 1 ga Janairu, shekararsa tana cika ranar 31 ga Disamba, to takardar ta isa hannunsa kafin watan Yuni ya fita. Kuka yi sakaci har Yuli ya kama, wata shidan ba za su cika kafin Disamba ba, sai ku jira Disamban baɗi. Kwana biyu na sakaci ya jawo muku shekara guda. Shi ya sa abu na farko da nake tambayar mai gida shi ne ranar da ɗan haya ya shiga, kuma shi ne abin da yawanci ba sa tunawa. Ku nemo ta daga rasit na farko ko daga watan da kuɗin yake shigowa.

Idan wa'adin ya cika bai fita ba, akwai takarda ta biyu: notis na kwana 7 da yake sanar da shi cewa mai gida zai je kotu ya karɓi gidansa. Kwana bakwai cikakku, ban da ranar da aka miƙa masa, ban da ranar da aka shigar da ƙara. Idan lauya ko wani wakili ne zai sa hannu, ku ba shi izini a rubuce tukuna. Kuma ku kula da yadda aka kai takardar. Ba a ba yaron maƙwabta ya miƙa. A sa ma'aikacin kotu ya kai, ya rubuta rana da lokaci. In mutumin yana ɓuya, akwai hanyar manna ta a jikin ƙofa a ɗauki hoto. Ranar shari'a kalmar farko da za ku ji ita ce "ni ban ga wata takarda ba".

Za ka haɗu da lauyan da zai ce maka duk wannan tsohon yayi ne. Zai kawo shari'ar Odutola da Papersack ta 2006, ya ce wanda ya daina biya ya koma mai zaman alfarma, mako ɗaya ya ishe shi. Zai kuma kawo shari'ar Pillars da Desbordes ta 2021, inda Mai shari'a Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta ce kuskure a cikin notis bai kamata ya zama mafakar ɗan haya ba, sammacin kotu da kansa sanarwa ce cewa mai gida yana son gidansa. Maganar ta yi wa masu gidaje daɗi, kuma da dalili, domin wannan shari'ar ta ci fiye da shekara 20 kafin ta ƙare. Sai dai har yau lauyoyi suna gardama a kan iyakar waɗannan hukunce-hukunce, kuma ra'ayina shi ne kada ku gina shari'arku a kan gardama. Ku ba da wata shida cikakku. Mutumin da ya ƙirƙiro kyautar mamaci ba zai bar kuskuren kwana ɗaya ya wuce shi ba, kuma ɗaukaka ƙara a kan notis ya fi wata shida tsawo nesa ba kusa ba.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: kuɗin daban, gidan daban. Bashin shekara biyu ba ya jiran notis. Da zarar takardun gadonku sun kammala kuna iya ƙarar kuɗin a kotun distirik, notis kuma yana tafiya a gefe. Sau da yawa sammacin bashi ne yake sa wanda ya ce ba zai zauna da ku ba ya aiko a ce yana neman zama. In kuma kun fi son haɗa komai a ƙara ɗaya, za ku nemi gidan, da bashin da ya taru har ranar da hayar ta ƙare, da kuɗin zaman da ya ci gaba da yi bayan nan har ranar da ya miƙa makulli. Idan ya kawo wani abu a tsakani, ku karɓa, amma ku rubuta a rasit cewa ragin bashin shekara kaza ne, kada ya zama kamar kun sabunta masa haya. Abu ɗaya da zai iya sauya kotun shi ne in ya canza baki ya ce gidan ma nasa ne, sayar masa aka yi ko jingina ce. A nan magana ta tashi daga haya ta koma mallakar ƙasa, wadda Babbar Kotu take ji.

Ko kun yi nasara, ba ku za ku fitar da shi ba. Alƙali yakan ba shi ranar fita, in ta wuce a nemi takardar zartarwa, ma'aikatan kotu su zo da rakiyar 'yan sanda. Ba a yin haka ranar Lahadi ko ranar hutu, ba kuma da dare ba, sai da izinin alƙali na musamman. Kuɗin kuwa wani aikin ne daban. Hukunci takarda ce. In ba shi da albashi ko asusu ko kayan da za a kama, za ku riƙe takarda.

Wannan ne ya sa, bayan shekarun da na yi a wannan aiki, nake tura mutane teburin sulhu tun notis yana tafiya. Ku yi lissafi da biro: kuɗin lauya, kuɗin kotu, zirga-zirga, ɗage zama, da kowace shekara da ta wuce naira 600,000 ba ta shigo ba, alhali da gidan yana hannunku wataƙila sabon ɗan haya ya ba da fiye da haka. Yawanci abin da ya fi muku riba shi ne makulli da wuri, ko da an bar wani ɓangare na bashin. Babbar Kotun Abuja tana da cibiyar sasanci tun 2003. Ko ku fara da limamin masallacin da yake salla da dattijon da ya san su biyun. Ku bincika halinsa kafin ku zauna. Idan aiki ya rasa ko ciwo ya kwantar da shi, ya ɓoye kunyarsa a bayan labarin kyauta, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa mai ƙunci zuwa lokacin yalwa. Idan kuwa yana da shi yana ja muku rai, hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci, kuma a gaban limaminsa ya fi jin wannan.

Duk abin da aka cimma a rubuta: nawa aka cire saboda rijiya, nawa zai biya, a kashi nawa, wace rana zai fita, wa zai biya bashin wuta da ya taru a mita. A sa hannu da shaidu, sannan a kai kotu ta mayar da shi hukunci. Takardar sulhun da ta tsaya a aljihu, in ya saɓa, sabuwar shari'a za ku fara. Wadda kotu ta amince da ita, zartarwa kawai za ku nema.

Sai yaran nan ƙanana da ka ambata, kuma don su na ajiye wannan a ƙarshe. Kuɗin hayar shekara biyun nan dukiyar magada ce, kowa da kasonsa a ciki. Kai da ƙannenka manya kuna iya yafe naku in kun ga dama. Na marayu ba a yafe shi don kunya ko don a ce 'ya'yan Alhaji mutanen kirki ne. In sulhu ya zo da ragi, ko dai ku manya ku ɗauke shi daga kasonku, ko a kai maganar gaban alƙalin da yake riƙe da rabon gadon ya duba ko ragin maslaha ce ga yaran, ya sa hannu. Ku shigar da mahaifiyarsu ko waliyyinsu cikin zaman tun daga ranar farko, kuma duk abin da aka karɓa ya shiga asusu ɗaya da kowa zai iya ganin bayaninsa, ba aljihun babban wa ba.